Yadda muka tsara fitilun gidanmu a Yamai, da jika 40 da na kusa zubarwa a banza

Shekara huɗu na yi ina ginin gidan nan na Koira Tegui, albashi na shigowa ina mayar da shi bulo da siminti, kuma a duk tsawon lokacin ban taɓa zama na yi tunanin inda fitila za ta zauna ba. Kuɗin ƙarfe na san shi, na san tifar yashi nawa gini ya ci, na san ranar da aka ɗora kwano. Fitila kuwa na ɗauke ta aikin ranar tarewa: a aiki yaro ya sayo ƙwai, a ɗaura, a kunna. Ina rubuta wannan ne saboda mai gini da ya kusa kai wa shafe, domin a nan ne ake yin kuskuren, ba a kasuwa ba.

Wata ranar Asabar magini ya kira ni ya ce, "Patron, mako mai zuwa za mu fara shafe, a kawo mai wuta ya binne tiyo." Na tambaye shi ko ya san wani, ya ce akwai ƙanen matarsa. Washegari mutumin ya zo a babur, ya zagaya ɗakuna uku da falo da kicin da banɗakuna biyu, bai yi minti ashirin ba. Da gawayi yake tafiya yana yin alama a bango. Kowane ɗaki ƙwai ɗaya a tsakiya, makunni ɗaya a bakin ƙofa, wurin jona kaya biyu. Masu wuta a nan da "pwan" suke lissafin aiki, wato kowane wurin fitila ko makunni ko firiz (wurin jona kaya) pwan ɗaya ne. Ya ƙirga 34, ya ce jika 3 kowanne (jika ɗaya sefa dubu ɗaya ce), kayan aiki kuma ni zan saya. Ya rubuta debi, wato lissafin kuɗin aikin, a bayan takardar buhun siminti, na ba shi jika 40 kafin alƙalami, na koma gida ina jin na rage kaya a kaina. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban san akwai abin tambaya ba. Cikin kwana biyu ya sassaƙe bango ya fara kwantar da tiyo.

Abu biyu suka faru a makon nan da suka tsayar da ni. Na farko, Inna, mahaifiyata, da ta zo daga Tawa ganin likitan ido, ta fita alwalar asuba a gidan hayarmu na Boukoki ta yi tuntuɓe a ƴar matakalar banɗaki. Allah ya taƙaita, gwiwa ce kawai ta kumbura. Fitilar tsakar gidan tana kunne lokacin, amma can sama take a bayanta, inuwar jikinta ce ta rufe matakalar. Na biyu, muka je barka gidan wani abokin aikina da ya tare a sabon gida. Falon nasa an yi masa filafon sitaf, wato silin na ado, mai hawa biyu, ƙananan fitilu sun fi ashirin a jere, ga igiyar haske mai sauya launi daga shuɗi zuwa ja. Fanka na tsakiya tana juyawa ƙarƙashin wasu daga cikin fitilun, haske yana ta ƙyafta ido a bango kamar ana kaɗa tabarma. Ba mu yi awa ɗaya ba uwargida ta ce kanta na ciwo. A mota ta ce mini, "Maigida, in haka namu zai zama, gara mu zauna Boukoki." Sai na ga ni ina shirin gina duhun gidan haya a gidana, abokina kuma ya kashe kuɗi ya sayi ciwon kai.

Daga nan na shiga neman wanda ya san aikin. Ban samu wani shago da aka rubuta "mai tsara haske" a ƙofarsa ba. Mutane iri uku na yi ta cin karo da su: mai wuta, wanda aikinsa waya da makunni ne; mai sitaf da adon ɗaki, wanda fitila a wurinsa kwalliya ce; sai kuma masu fasahar lantarki da ke aiki tare da ofisoshin masu zanen gini, waɗanda galibi manyan gine-gine suke yi wa aiki, ba irin gidana ba.

Mai ado na fara gani, a wani shago kusa da kasuwar Wadata. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo mini shayi, ya miƙo waya ina ta latsa hotuna. Da na tambaye shi wanne ne aikinsa a ciki, ya nuna mini uku, sauran ya ce "misali ne". Tsarin kyauta zai yi mini, in ji shi, da sharaɗin daga hannunsa zan sayi fitilu. Na ce ɗakunan ba su da faɗi, ya ce falo kaɗai sai ƙananan fitilu goma sha shida in ana son ya fito. Bai nemi ganin gidan ba. Ba na ce macuci ba ne, sana'arsa ke nan, amma wanda ribarsa take cikin yawan ƙwai ba zai taɓa ce maka biyar sun isa ba.

Ta uku wani ɗan uwan uwargida ne ya haɗa mu, wata mata da ke aiki a ofishin masu zanen gini a Plateau, takan karɓi ƙananan ayyuka a gefe. Na je ƙarfe goma kamar yadda aka ce, tana wurin wani gini, na zauna a benci har azahar. Gaskiya da ta shigo na ga ƙuruciyarta sai da na raina ta a zuci. Ta ce in kawo zanen gidan, ko da kwafi ne, wanda aka rubuta tsawo da faɗin kowane ɗaki. Kuɗinta jika 60: za ta zo gidan da muke zaune sau ɗaya, ta je wurin gini sau uku, ta ba ni zane a takarda da jerin kayan da za a saya. Ba ta sayar da ƙwai, ba ta ɗaura waya. Na ce, "Malama, jika 60 a kan takarda?" Ta ce, "Alhaji, nawa za ka biya a fasa bangon da aka yi wa fenti?" Rabi na ba ta a ranar, ta rubuta mini rasiɗi, muka sa hannu a takarda ɗaya mai ɗauke da abin da za ta yi da ranakun zuwa.

Zuwan farko ta ce bayan magariba take so, kuma a Boukoki, ba wurin gini ba. Na yi mamaki, ta ce tana son ta ga yadda muke zama da dare. A nan na ga amfanin kasancewarta mace, domin kai tsaye ta shige ciki wurin uwargida, ni aka bar ni a tsakar gida da yara. Ta tarar ana girki, ta tsaya ta ga uwargida tana juya miya da wayar hannu a haƙora tana haska tukunya, alhali fitilar kicin na kunne. Ta tambayi inda yara ke bitar karatu, aka nuna mata tabarma a ƙofar ɗaki. Ta tambayi wata nawa muke kwana a waje, muka ce daga Maris har ruwa ya sauka. Ta tambayi wanda ke fara tashi da asuba, da inda ake ajiye buta, da ko ana ɗinki ko kitso ko lalle da dare, da ɗakin da nake karatun Alƙur'ani. Ta durƙusa ta gaida Inna ta tambaye ta abin da take so. Inna ta ce, "Ɗiyata, ni dai ku sauko mini da wutar ƙasa. Ƙafata ce ke neman hanya, ba kaina ba." Malama ta rubuta wannan a littafinta kamar yadda aka faɗa.

Kwana biyu bayan haka muka haɗu a wurin gini da la'asar sakaliya, muka zauna har duhu ya shiga. Da alli ta zana gado da kujeru da kabad a ƙasa, a kowane ɗaki, tana tambayar uwargida ko nan ne za su zauna. A ɗakin kwana ɗaya ta nuna mini makunnin da aka riga aka haƙa wa rami: in an buɗe ƙofa zai ɓuya a bayanta. A wani ɗakin kuma wurin firiz ya faɗa daidai bayan kabad. Magini yana tsaye yana kallo, ya yi dariya ya ce, "Tun ran gini ran zane, patron." Na ce ai kai ka kawo mutumin.

Bayan mako guda ta ba ni zanen, ta zaunar da ni ta koya mini karanta shi. A nan na fara jin cewa wat ba haske ba ne, wutar da ƙwai ke ci ce. Hasken da yake bayarwa da lumen ake auna shi, kuma yana rubuce a jikin kwali. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da kusan lumen 800, ƙwan LED na wat 9 ma haka. Falonmu mita 5 ne a 4, murabba'in mita 20 ke nan. Ta ce wurin zama da hira lumen 150 a kowane murabba'in mita ya wadatar, ya kama 3000, sai ta ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku saboda ƙura da abin da bango ke shanyewa, ya zama 4000. Ƙwai biyar ke nan, ba goma sha shida ba. Huɗu ta rarraba su nesa da fanka, ta ce kada fitila ta taɓa zama saman fukafukan fanka, shi ne abin da ya sa wa uwargida ciwon kai a gidan abokina. Na biyar ta sa shi a bango kusa da kujerar da nake karatu. Makunni biyu ta raba musu, in baƙi sun zo a kunna duka, in mu kaɗai ne biyu sun isa. Kicin da teburin karatun yara ta ninka musu, wajen 300 zuwa sama, kuma doguwar fitilar kicin ta ɗora ta a bango saman wurin yanka da murhun gas, a gaban mai girki, don inuwa ta faɗa baya. Ɗakunan kwana da baranda ta sa musu makunni mai kai biyu, wanda masu wuta ke kira va-et-vient: ka kunna a bakin ƙofa, ka kashe daga kan gado.

Gardamar da muka fi daɗewa a kai ta launi ce. Mu a nan farar fitila muke so, mai ɗan shuɗi-shuɗin nan, domin ja-ja tana tuna mana fitilar ƙwai da zafi, kuma a watan Afrilu da rana ke wuce digiri 40 ba mai son ganin abin da ya yi kama da wuta. Malama ta fito da ƙwai uku daga jaka ta jona su ɗaya bayan ɗaya a gidan hayar. A kwalin kowanne akwai lamba da harafin K: 3000 mai ɗumi, 4000 tsaka-tsaki, 6500 fari tas. Ta sa uwargida ta miƙo hannu mai lalle da wani atamfa ƙarƙashin kowanne. A 6500 lallen ya dushe, fuskar yara ta yi fari-fari kamar marasa lafiya. Duk da haka ni ban yarda da 3000 a falo ba, ita ma ba ta matsa ba. Muka tsaya a 4000 a falo da kicin da banɗaki, 3000 a ɗakunan kwana da tsakar gida. Na tsakar gida ta kawo dalilin da ban iya musawa ba: ƙwari sun fi bin haske mai fari da shuɗi, kuma duk wanda ya ci tuwo a waje da damina ya san abin da ke faɗowa cikin miya. Ta kuma matsar da babbar fitilar waje daga saman rumfar zama zuwa bangon da ke fuskantarta, ƙwari su taru can. Sai ƙananan fitilu uku a bango, tsawon gwiwa daga ƙasa, daga ƙofar ɗakin Inna zuwa banɗaki da famfo. Duk na waje ta rubuta a sayi masu alamar IP65, waɗanda ƙura da ruwa ba sa shiga.

Akwai wani layi a zanen da ta ja da jan biro. Duk wanda ya zauna Yamai a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da ke zuwa ta layin Birnin Kebbi, ba sai an yi masa bayanin amfaninsa ba, kuma ko ba wannan ba, lokacin zafi kowa ya san yadda ake ɗauke wuta. Fitilu shida ta ware, ɗaya a falo, ɗaya a kicin, ɗaya a baranda, da ukun nan na hanyar Inna, ta ba su wayarsu daban wadda za ta koma kan batir da faifan sola ɗaya. Kowacce ba ta wuce wat 5 ba, wat 30 ke nan gaba ɗaya, abin da ƙaramin batir zai riƙe har gari ya waye. Na ce ba ni da kuɗin sola yanzu. Ta ce tiyo da waya kawai za a binne, sola ta jira shekara in ta ga dama.

Ranar da ta haɗu da mai wuta ita ce rana mafi nauyi. Pwan ya tashi daga 34 zuwa 51, kuma kusan rabin ramukan da ya sassaƙa ba su da amfani. Ya ce shekara ashirin yana aiki ba a taɓa kawo masa yarinya da takarda ba, ya tattara kayansa ya hau babur. Na ɗauka jika 40 ɗina sun tafi. Shafe ya tsaya kwana tara, magini yana kirana safe da yamma domin yaransa na zaune. Daga ƙarshe magini ne ya shiga tsakani, muka je gidan mutumin da goro, na ba shi haƙuri a kan ban sanar da shi da wuri ba, wanda kuma gaskiya ne laifina ne. Ya dawo bisa sharaɗin a biya shi jika 15 na toshe tsofaffin ramuka. Da suka fara aiki tare kuma sai ga shi hannunsa na da kyau, layinsa a miƙe. Ita ke faɗin inda za a sa, shi ke faɗin ta inda tiyo zai bi bai raunana ginshiƙi ba, har wuri biyu ta sauya zane saboda maganarsa. Ta tsaya a kan abu uku ba ta sassauta ba: wayar fitilu mai kaurin murabba'in milimita 1.5, ta firiz 2.5, kada fitilu su wuce takwas a layi ɗaya kamar yadda ƙa'idar Faransa da ake koyarwa a nan ta tanada, sai kuma disjonta mai kare rai ta 30 mA, wato na'urar da ke katse wuta da kanta in ta kama mutum, tare da wayar ƙasa. Kafin a shafe ta sa na ɗauki hoton kowane bango da tiyonsa a waya.

Sayayya a kasuwar Katako muka yi, ni da mai wuta, da jerin Malama a hannu, tun safe har bayan la'asar. Shi ya koya mini kankare bakin waya da wuƙa: in jan ya tafi fari ya fito, alminiyam ne aka yi wa rigar tagulla. Ya kan ɗaga naɗin waya biyu ya gwada nauyinsu a hannu kafin ya tambayi kuɗi. Ƙwai kuwa kowanne sai an jona an gwada a gabanmu, kuma muka nemi waɗanda aka rubuta 85 zuwa 265 V a jiki, domin wutarmu 220 ce amma takan yi ƙasa takan yi sama. Kwalin da ba a rubuta lumen ba muka bar shi ko da an rubuta wat 50 da manyan baƙaƙe. Waya da tiyo da makunnai da akwatin disjonta da fitilu suka ci mini kusan jika 380.

Neman konta, wato mitar wuta, a NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, shi ya fi komai sauƙi, sai dai a je da wuri. Na kai kwafin katin ɗan ƙasa da kwafin takardar fili da ɗan zanen hanyar da za ta kai mutum gidan, na cike takarda. Aka tambaye ni ƙarfin da nake so, kuma da yake Malama ta riga ta tara mini lissafin fankoki da firji da na'urar sanyaya ɗaki ɗaya da nake fatan saya, ban yi kame-kame ba. Ma'aikaci ya zo ya duba nisan gidan da turken wuta, aka ba ni debi, na biya wurin mai karɓar kuɗi na riƙe rasiɗi. Cikin makonni kaɗan aka ɗaura.

Zuwanta na ƙarshe da dare ne, an yi fenti ba a kawo kaya ba. Muka bi ɗaki ɗaki ana kunnawa ana kashewa. Fitila ɗaya ta baranda tana dukan ido in mutum ya fito daga falo, aka juya kanta ƙasa. Ta ƙofar gida tana haska tagar maƙwabci, aka yi mata ƴar hula da guntun kwano. Sannan na cika mata jika 30 da suka rage.

Yanzu shekara ɗaya da ƴan watanni muna ciki, kuma kurakuran da suka rage nawa ne. Na nace sai da aka rataya wata fitilar ado mai ƙyalƙyali a falo, ta ce za ta tara ƙura, na ce gida sai da ado. Hunturu ɗaya ya mayar da ita ja, wanke ta kuma sai an hau tsani an kwance ƙwaya ƙwaya. Na kuma sayi ƙwai shida masu araha a hannun wani mai talla a bakin titi na sa a ɗakin baƙi da sito, huɗu sun mutu kafin damina. Mai wuta ya buɗe ɗaya ya nuna mini ɗan allon da ke ciki ya ƙone, ya ce zafin da ke taruwa tsakanin kwano da filafon shi ke cinye su, musamman in an rufe ƙwai a cikin kwanon gilashi ba iska.

In wani ya tambaye ni yadda zai zaɓi mutum, abin da nake ce masa ya duba ko zai nemi zuwa gidan da dare, ko zai yi magana da mai girki da tsohon gida ba da mai biyan kuɗi kaɗai ba, da kuma inda ribarsa take. A nemi a ga gidan da ya yi wa aiki da ido, bayan isha'i, hoton waya ba ya nuna fitilar da ke ƙyafta ido. A haɗa shi da mai wuta a rana ɗaya tun kafin a ɗaga guduma, kada ɗaya ya ji an kawo ɗaya a kansa. Wanda kuma ba shi da jika 60, alli da dare ɗaya a cikin kangon tare da iyalinsa da tocila za su nuna masa fiye da rabin abin da Malama ta nuna mini.

Sola har yau ban saya ba, jar wayar tana nan a naɗe cikin akwatinta a sito, an toshe bakinta. Fitilun hanyar Inna a wutar konta suke aiki tukuna. Da ta zo azumin bana ta ce ta tsakiyar ta yi mata kusa da buta, ruwan alwala na fallatsa mata, a ɗaga ta da taki ɗaya. Na duba hoton bangon da ke wayata, tiyon ta sama ya sauko, don haka mai wuta ya ce aikin rabin yini ne.